Tafin Hannun Baba Sai-Ya-Sha

A wurin gini babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Sai-Ya-Sha ake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Duk sabon ma'aikacin da ya ciko cokali zai yaɓa filasta a busasshen bango, sai ya ji murya a ƙeyarsa: "Kai, kai, ajiye! Ka ba shi ruwa? Bango sai ya sha." Tun ana dariya har sunan ya bi shi gida. Surukinsa ma, in ya yi suɓul da baka, sai ya tsinci sunan a harshensa, ya kama tarin ƙarya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kansa fari fat, ba ka gane ina furfura ta tsaya ina siminti ya fara. Bai taɓa gina gidan da aka nuna a talabijin ba. Shaguna ne aikinsa, da ɗakunan haya, da katangar makaranta. Sai dai in ya shafe bango, da tafin hannu yake ƙarasawa. Bayan katakon shafe da cokali sun gama nasu, sai ya runtse ido ya bi bangon daga sama har ƙasa kamar mai shafa bayan jariri. Inda ido bai ga komai ba, tafin nan zai ce akwai tudu, kuma in aka ɗora ma'auni sai a tarar akwai. Shi ya sa ya tsani safar hannu. In ya ga wani ya zura, sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Sannu likita. Tiyata za a yi wa bulon?"

Siminti kuwa ba shi da aboki. Duk shekara in sanyi ya kama, yatsun Baba sai su dare, gefen babban yatsa ya buɗe baki, tafin ya koma kamar bayan itace. Yana da maganinsa, irin na magina. In an tashi daga aiki sai ya dirje hannun da garin sabulun wanki da ɗan yashi, ya bari ya bushe ƙarau, sannan ya ciro ɗan bututun gam daga aljihu, irin wanda ake liƙa karyayyen kofi da shi, ya ɗiga a kowace tsaga, ya hura.

"An toshe," in ji shi. Gobe sai aiki.

A shekarar da nake ba ku labari, sanyi ya zo ya tarar da gidan ba yadda ya saba ba. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun ba ta tsufa ba, ta faɗi a bakin famfo wata safiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo su daga asibiti baki ya dawo, ko da yake a hankali take magana, ƙafa ma tana ja. Hannun ne ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarta kamar na aro. Ma'aikaciyar asibiti ta nuna yadda za a riƙa yi masa tausa safe da yamma, daga kafaɗa zuwa yatsu, a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe. 'Ya'ya duk sun yi gidajensu. Baba ya naɗe hannun riga ya ce shi zai yi.

Kuma ya yi. Kafin ya fita da safe zai dafa mata shayi, ya jingina ta da filo a kujerar da ke kusa da taga, ya zauna a ɗan benci ya ɗora hannunta a gwiwarsa.

"Magini," in ji ta, don haka take kiransa, "a hankali. Ba kwaɓi kake juyawa ba."

"Kwaɓi ya fi ki biyayya. Motsa wannan."

"Na motsa."

"A ina? A zuci?"

"To kai ka taɓa motsa kunnenka?"

Haka suke yi, yana murza tana tsiya, har shayin ya huce.

Auta ce ta gano ɓarnar. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, tana aure a ɗaya ƙarshen gari, tana zuwa ranar hutu ta yi wa uwar wanka da kitso. Ran nan ta fito daga ɗaki da tawul a kafaɗa, fuskarta babu wasa.

"Baba, zo ka ga."

A damtsen Tsohuwa, daga gwiwar hannu zuwa wuyansa, jajayen layuka ne sirara, wasu sun yi ɓawo, wasu sababbi.

"Mage muka yi a gidan nan?" in ji Auta.

"Ƙaiƙayi ne," in ji Tsohuwa. "Ni na sosa."

"Umma, ba ki da farce, ni nake yanke miki. Baba, kawo hannunka."

Bai so ba, amma ya miƙa. Ta shafa yatsanta a gefen babban yatsansa, ta janye da sauri. Gam ɗin da ya bushe a bakin kowace tsaga ya yi kaifi kamar fasasshen kwalba. Baba ya dubi hannunsa, ya dubi damtsen matarsa. Mutumin da ke jin tudun da ido bai gani ba, bai ji abin da tafinsa yake yi wa matarsa ba.

Auta ta sassauta murya, amma ba ta sassauta magana ba. "Baba, ba laifi nake ɗora maka ba. Fatar Umma yanzu ba ta son ciwo, an gaya mana a asibiti. Akwai ɗaki a wurina, na riga na yi magana da baban yara. Ranar da za mu koma ganin likita zan zo da mota. In na tarar da sabon karce ko ɗaya ne, daga asibitin gidana za mu wuce."

"Wa zai dafa mata shayi?"

"Ni ma na iya dafa shayi, Baba."

"Ba irin wanda take so ba."

Tsohuwa tana kallon taga.

Washegari, a hanyarsa ta zuwa aiki, ya tsaya wurin mai teburin kayan shafa a bakin titi. Bai taɓa sayen man shafawa da hannunsa ba. Ya ce a ba shi wanda ya fi kyau. Mai tebur ya miƙo wata doguwar kwalba mai hoton fure, ya rantse cewa matan manya ma ita suke nema. Baba ya koma bayan tarin yashi ya tsiyaya a tafi. Ruwa-ruwa ne, ya shige cikin tsagun nan, sai da ya yi tsalle yana yarfe hannu kamar ya taɓa wuta. Ƙamshin kuwa ya riga shi isa wurin kwaɓi.

Dogo, wanda ya koyi aiki a hannunsa har ya zama magini da kansa, ya ɗaga hanci daga saman tsani. "Jama'a, wace baƙuwa ce ta shigo mana?"

"Ka kula da igiyarka, ta karkace."

"Baba, kai ne? To Allah ya sanya alheri. Yaushe za a kai mu mu gaisa?"

A gida ma bai tsira ba. Yana zama a benci Tsohuwa ta fara atishawa, ɗaya na bin ɗaya, har da hawaye.

"Magini, fita. Ko kai ko wannan abin, ɗaya ya fita."

Da yamma ya nufi kemis ɗin da ke kusa da tashar mota. Mai kemis ɗin dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci, wadda ba ta gaggawa da kowa. Ya jira har masu sayen maganin mura suka watse, sannan ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan gilashin kanta, kamar mai kawo ƙara.

Ta gyara tabarau. "Mene ne wannan mai ƙyalli?"

"Gam ne."

"Gam? Baba, hannu ne ko takalmi?"

"Yana riƙewa."

"Na ga alama. Wane aiki kake yi?"

Ya gaya mata. Ya gaya mata har da abin da bai yi niyya ba: kujerar bakin taga, jajayen layukan, da motar da za ta zo. Ta juya ta sauko da abubuwa daga kanta ta jera a gabansa, ta buɗe na gwaji.

Nan fa Baba ya koma magini. Ya lakato na farko a yatsa ya karkata shi, man ya gangaro.

"Wannan ruwa ya yi masa yawa. Ba zai zauna ba."

"Na lokacin zafi ne, na masu aikin ofis," in ji ta.

Ya shinshina na biyu ya ture. "Tsohuwa za ta kore ni."

"Gara haka. Turaren ne ma yake yi maka zafi a ciwon."

Na uku a cikin wani farin gwangwani yake, ba hoto, ba fure. Ya lakata, ya kifa yatsan ƙasa, ya jira. Man bai motsa ba. Ya kai hanci, ba ƙamshi. Ya murza a bayan hannu, ya ɗan dakata, sannan ya kama ƙarfen ƙofar kemis ɗin ya murɗa, ya ga ko zai zame.

"Me kake yi wa ƙofata?"

"Hannun mutum zan riƙe da shi, Malama. In yana santsi zai suɓuce min." Ya saki ƙarfen ya gyaɗa kai. "Wannan kwaɓin ya yi. Shi za a ba ni."

"Ka iya zaɓe. To yaushe za ka riƙa shafawa?"

"In na dirje hannu ya bushe ƙarau."

"A'a. Man nan ba ya kawo ruwa, tsare shi yake yi. Ka wanke da sabulu mai laushi, ba na wankin kaya ba, ba yashi. Ka ɗan tsane da tawul, da sauran danshinsa ka shafa. In ka yi alwala ma, kafin ya bushe."

Baba ya dubi tafinsa.

"Wato," ya ce a hankali, "sai ya sha."

"Na'am?"

Sai ya fashe da dariya, har yana dafa kanta. Shekara da shekaru yana yi wa mutane tsawa a kan busasshen bango, ga shi zai je ya yaɓa a busasshen hannu. Mai kemis ba ta san me ya ba shi dariya ba, ta bar shi ya gama.

Ta ci gaba. Gam ɗin nan kada ya ɓamɓare shi da ƙarfi, ya riƙa jiƙa hannun a ruwan ɗumi har ya saki don kansa, kuma kada ya ƙara ɗiga wani. Manyan tsagun ya cike su da basilin a kan man, ya naɗe da bandeji. In ya ga kumburi ko ruwa, asibiti, ba kemis ba. Duk ya ce to. Sai ta sunkuya ta ciro wani abu daga ƙarƙashin kanta ta ɗora a kan gwangwanin. Safar hannu ce ta roba mai kauri, mai auduga a ciki.

"Wannan kuma ba nawa ba ne," in ji Baba.

"Naka ne."

"Malama, da tafin nan nake gani. In na rufe shi na makance."

"To mayar min da man. Ba zan ba ka abin da za ka shafa da safe siminti ya cinye kafin azahar ba. Ka zaɓa, Baba. Ba ni zan hau motar ba."

Ya daɗe a tsaye. Wani ya shigo ya sayi maganin tari ya fita. Daga ƙarshe ya ɗauki safar da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ya cusa a aljihu.

Kafin gam ya saki, bai yarda tafinsa ya taɓa fatar Tsohuwa ba, kuma bai yarda a fasa tausa ba. Ya wanke sabuwar safar ƙafa ta auduga ya zura a kowane hannu, da ita yake murzawa.

"Magini, ka juye ne? Ƙafa ta koma sama?"

"Miƙe yatsan."

"In baƙi suka shigo me zan ce musu?"

"Ki ce mijinki ya shiga gayu."

A wurin aiki kuwa, ranar da ya fito da safar roba, har mai tura baro sai da ya ajiye baronsa.

"Sannu likita!" in ji Dogo, da irin muryar Baba sak. "Tiyata za a yi wa bulon?"

Kowa ya kwashe da dariya. Baba ya zura yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ba.

"Ku yi. Na ci na wasu, yau a ci nawa. In kun gama a ba bangon can ruwa."

Cokali ya yi masa nauyi a cikin robar, katako yana neman kuɓucewa, amma ya shafe bangon shagon har ƙasa. Sai aka zo wurin da kowa ya sani. Ya tsaya gaban ɗanyen bangon, ya kama bakin safar dama ya fara ja. Ta fito har tsakiyar tafi. Ya ga farin bandejin da ke babban yatsansa. Ya tsaya. Ya mayar da safar.

"Dogo. Sauko."

Dogo ya sauko yana goge hannu a wando.

"Ara min tafinka. Bi shi daga sama."

"Ni, Baba?" Dariyar ta bar fuskarsa. Tun da yake tare da Baba, ba a taɓa barin wani ya yi shafar ƙarshe ba.

"Da wa nake magana? Rufe ido. Na ce rufe, ba ƙyafta ba. Kada ka danna, bar bangon ya gaya maka."

Dogo ya bi bangon a hankali, ido a rufe. Can wajen ƙugu ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi.

"Kamar akwai ɗan kwari a nan."

"Kamar, ko akwai?"

"Akwai."

Aka ɗora ma'auni, ga shi nan. Baba ya ciko bakin cokali ya cike wurin, ya goge.

"Ashe ba tsawo kaɗai Allah ya ba ka ba," ya ce. Dogo ya juya yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Daga ranar haka aka ci gaba. Gwangwanin yana aljihun Baba duk inda ya shiga. In ya wanke hannu, kafin iska ta taɓa shi ya shafa, yana bin kowace tsaga da ɗan yatsa yadda yake bin tsagar bango. Gam ya saki, ya fita ɓawo-ɓawo. Ƙananan tsagun suka haɗe. Ta babban yatsa ce ta yi taurin kai, sai da ta ga ba za a ƙyale ta ba sannan ta fara rufe baki. Wata safiya ya goga tafinsa a cikin damtsensa, inda fata ta fi laushi, ya goga ya sake gogawa, bai ji abin da ya kama ba. Ranar ya ajiye safar ƙafa.

Ranar asibiti Auta ta zo da mota, ta shigo da babbar jaka wadda ba komai a ciki, ta ajiye a bakin ƙofa. Ta tarar da su a wurin da suka saba, uwar a kujera, uban a benci. Ta gaishe su, ta durƙusa ta naɗe hannun rigar Tsohuwa, ta juya damtsen wajen hasken taga. Tsofaffin layukan sun dushe. Ta duba ciki, ta duba waje, har tsakanin yatsu.

"Baba, kawo."

Ya miƙa. Ta shafa tafin, ta shafa gefen babban yatsan. Hannun magini ne har yanzu, mai kauri, mai kanta, amma ba abin da ya kama ta.

"Me ka sa?"

Ya ciro gwangwanin ya ɗora a gwiwa. "Ba ƙamshi, ba santsi. Kuma sai hannu ya sha."

"Ni dai an cuce ni," in ji Tsohuwa.

Suka juya gare ta.

"An canza min miji. Wannan hannun na wani ne."

"Umma, ke fa aka yi wa gyara. Me ya sa ma kika ce min ke kika sosa?"

Tsohuwa ta haɗo kalmomin a hankali, don har yanzu sai ta nemo su.

"Tun da na faɗi, hannun nan ban san yana jikina ba. A taɓa, a matsa, shiru. Ran nan yana murzawa sai na ji zafi, siriri, kamar tsinke. Na ce a raina, ashe kana nan. Kullum jira nake ya zo wurin in ji. In na faɗa, sai ku hana shi."

Auta ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Baba ya sunkuyar da kai yana juya gwangwanin a hannu.

"To yanzu fa?" ya tambaya. "Yanzu da babu kaifin, kina ji?"

"Riƙe mu gani."

Ya ɗauki hannun ya sa a tafinsa, ya murza daga wuyan hannu zuwa yatsu, a hankali.

"Ɗumi," in ji ta. "Da can zafi nake ji. Yanzu ɗumi."

Ɗan yatsanta manuni ya ɗan lanƙwasa a kan babban yatsansa, kaɗan, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ba ya son a ji.

Auta ce ta fara miƙewa. Ta share ido, ta ɗauki jakar nan ta bakin ƙofa ta rataya a kafaɗa yadda ta zo da ita.

"Ku tashi, za mu makara. Baba, ina bututun gam ɗin?"

"Yana kan taga. Me za ki yi da shi?"

"Tafiya zan yi da shi. Tunda na zo da mota, ba zan koma hannu wofi ba."

"Bar shi," in ji Tsohuwa. "Hannun kofin shayina ya karye. Magini, in mun dawo ka liƙa min."